Munduwa Mai Kunne

Tun daga bakin ƙofa Auta ta gane an haɗa mata taro. Motar Yallaɓai ta tare hanyar shiga, wankakkiya fes kamar ba ƙasa take takawa ba. Ga takalman Gwaggo a ƙofar falo, ga na Yaya an watsar da su ɗaya nan ɗaya can. Ta tsaya ta ƙare wa motar kallo, ta ja tsaki, ta raɓa ta gefe har farar rigar aikinta na gogar bango.

Daga kantin magani take. Tun safe take tsaye tana fama da masu neman maganin da likita bai rubuta ba, ƙafafunta har zugi suke. Umma ce ta kira ta ta ce ta nemi izini ta dawo yanzu, ta kashe waya ba tare da ta faɗi dalili ba.

Abin da ta fara gani da ta shiga shi ya ƙarasa ɓata mata rai. Yallaɓai ne zaune a kujerar Abba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, turarensa ya cika falon har ya danne warin man zafin da ake shafa wa Abba. Shi kuwa mai kujerar an tura kekensa can jikin taga, hannun damansa a yashe kan cinya. Tunda ɓarin jikinsa ya shanye bara, magana da ƙyar take fita daga bakinsa, amma idonsa garau yake, ba abin da ke wuce shi.

Ta durƙusa ta gaida Abba, ta gaida Umma, ta gaida Gwaggo ƙanwar Abba. Yallaɓai kuwa ta yi masa irin gaisuwar da ake yi wa wanda ya zo yanke wuta.

"Zauna," in ji Yaya, fuska a murtuke.

Yaya shi ne babbansu, shi ne kuma ke riƙe wa Yallaɓai babban shagonsa na kayan sawa masu na'ura a ciki, su agogo, tabarau, zobba da riguna masu auna bugun zuciya. Tun ranar da ubangidan nasa ya ce yana son Auta, Yaya ya fara tafiya yana buɗa hannuwa. Ita kuwa ba yarinya ba ce, ta doshi talatin, kuma tun farko ta faɗa wa kowa wanda take so. Malam take so, mai koyarwa a makarantar kurame da ke bayan asibiti. Sanƙarau ne ya tafi da jinsa yana yaro. Yana magana sarai, yana karanta leɓe, da ɗan abin ji da yake maƙalawa a kunne. Amma a gidan nan ba mai kiransa Malam. "Kurman nan" suke cewa.

"Ranar Talata da kika ce aiki ya riƙe ki a kanti, ina kika je?"

Auta ta dubi yayan nata ido cikin ido.

"Makarantar su Malam na je. Na yi ƙarya ne don na san in na faɗi gaskiya sai an yi mini irin wannan zaman."

Gwaggo ta tafa hannu ta riƙe haɓa. Umma ta sunkuyar da kai.

Yallaɓai ya yi gyaran murya. Muryarsa a kullum ƙasa-ƙasa take, mai santsi, irin ta mutumin da ya saba a yi shiru in zai yi magana.

"Umma, Allah ya sani ban so a kai ga haka ba. Amma wanda zai shiga gida ya zama ɗa, bai kamata ya ga ɓaraka ya rufe ido ba."

Ya zaro faffaɗar wayarsa ya ajiye a kan teburin tsakiya, ya juya ta yadda kowa zai gani. Taswira ce, da wani shuɗin zare da ya taso daga kantin magani, ya bi ta bayan asibiti, ya tsaya cak a wuri guda.

"Nan ta tsaya, kusan awa guda, a ɗaki ɗaya." Ya shafa fuskar wayar, wani jan layi ya bayyana yana hawa da sauka. "Wannan kuma zuciyarta ce. Ku dubi yadda take gudu, alhali ba tafiya take ba."

Sai a lokacin Auta ta dubi hannunta na hagu.

Munduwa ce siririya mai ruwan azurfa, ba ta da wani ado. Da Yallaɓai ya kawo ta watannin baya ƙin karɓa ta yi, kamar yadda ta ƙi sauran kayansa. Umma ce ta biyo ta ɗaki har da hawaye. Ta ce ba kwalliya ba ce, haɗe take da singiletin da Yallaɓai ya ba Abba. In zuciyar Abba ta canja bugu, munduwar za ta motsa a hannunta, duk inda take ta rugo gida. Don ubanta ta sa. Da ita take aiki, da ita take barci, da ita take shiga wanka tunda an ce ruwa ba ya ɓata ta.

"Saura ɗaya," in ji Yallaɓai. "Ku yi haƙuri da abin da za ku ji."

Ya danna.

Aka ji ƙarar jan kujera. Aka ji numfashi yana fita da sauri. Aka ji wani abu kamar tafi, fat, fat, sai shesshekar mace, sai kujerar ta sake motsi. Babu kalma ko ɗaya. Haka abin ya yi ta tafiya har Umma ta toshe kunnuwanta.

"Kashe, ɗan nan, kashe," in ji Gwaggo. "Namiji da mace a ɗaki, ba magana sai nishi. Ni dai na haifa na aurar, ba wanda zai fassara mini wannan."

Auta ta ƙura wa Yallaɓai ido. Ba kunya take ji ba. Kallon mutumin take, da zobensa, da gyararren gemunsa, da yadda ya langaɓe kai wai shi abin ya dame shi, tana mamakin yadda ƙato kamar wannan zai zauna a ofis mai sanyi ya kasa kunne yana sauraron numfashin 'yar mutane. Ta kau da kai daga gare shi, don ba ta ga abin da zai sa ta yi masa bayani ba. Ta matsa gaban mahaifiyarta ta durƙusa.

"Umma, dube ni. Da hannu muke magana ni da shi, kin sani. Sau nawa kika same ni gaban madubi ina koyo, har kika ce in ba a yi da gaske ba na kusa fara tsince-tsince a bola?"

Umma ba ta ɗago ba.

"Aji ne, Umma. Ƙofa a buɗe, yara na ƙwallo a bakin taga. Wannan ƙarar da kuka ji hannuna ne nake bugawa ina masa faɗa. Kukan kuma nawa ne, ban musa ba. Ki tambayi ɗanki abin da ya sa ni kuka."

Yaya ya gyara zama. "Ni kuma?"

"Kai. Ka je ka same shi a gaban ɗalibansa ka ce masa gidanmu ba a haifar bebaye. Shi ya sa ya kira ni ya ce ya haƙura da ni, in bi maganar iyayena. Na ce bai isa ba. Abin da aka yi a ɗakin ke nan."

"To ƙarya na faɗa masa?"

"Ciwo ne ya kama shi yana yaro, Yaya, ba gado ba ne. Abba ma da ƙafafunsa aka haife shi." Ta taɓe baki. "Kana sayar da tabarau mai magana, amma wannan ɗan abin ya fi ƙarfin kanka."

"Ke, ni kike faɗa wa haka?"

"Ya isa," in ji Umma. Ta ɗago, fuskarta sharkaf da hawaye. "Auta, ni na haife ki, na san abin da za ki iya da wanda ba za ki iya ba. Amma in ni na yarda, wa zai yarda? Kin ji abin nan da kunnenki. Me na rage ki da shi? Mutum ya zo da mutuncinsa, ya ɗauke mana ɗawainiyar ubanki, bai taɓa gajiya ba. Ke kuma kin nace sai wanda in gobara ta tashi yana barci sai dai ki ja shi a ƙasa. In kin haihu jariri ya yi kuka, wa zai ji? Ki tausaya mini mana. Ina fama da mara lafiya, ina fama da ke."

"Ni zan ji, Umma. Kunnena biyu, sun ishe mu."

Hawaye ya zubo mata, ta sa bayan hannu ta share da sauri, don ba ta so mutumin can ya gani ya ƙara da shi a cikin ajiyarsa.

Yallaɓai ya sauke ƙafarsa, ya haɗa tafukansa.

"Umma, ki daina kuka. Ni ban zo tozarta kowa ba. Ko me ya faru a ɗakin nan, na yafe. Zan aure ta a haka, maganar kuma ta mutu a falon nan."

"Allah sarki," in ji Gwaggo. "Kin ji ɗan halak."

Auta ta miƙe tsaye a hankali. Dariya ce ta kuɓuce mata, gajera, mara daɗi.

"Ka yafe. Ka ɗaura mini ƙararrawa kamar akuya, ka bi ni kanti, ka bi ni ɗakin barcina, ka bi ni har banɗaki, sannan kai ne mai yafiya. Tun yaushe kake ji?"

"Ba ji ba ne, kulawa ce."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na ɗauki gidan nan a matsayin gidana." Ya dubi Umma yana murmushi, irin na wanda ya tabbata yanzu za a sa masa albarka. "Ba ke kaɗai ba ce, kar ki ɗauka na ware ki. Kowa a nan yana ƙarƙashin idona. Watan jiya da Abba ya zame a banɗaki, wa ya fara sani? Ina ofis na ji yana kiran Umma, na ji halin da ta same shi a ciki. Ban faɗa wa kowa ba. Washegari na sa aka kawo katan ɗin kunzugun manya aka ajiye a ƙofar kicin, ko suna ban sa ba. Irin kulawar da nake nufi ke nan."



Auta ba ta san Abba ya faɗi ba. Yaya ma bai sani ba, ga alama, don bakinsa a sake yake. Umma ta juyo ta dubi 'yarta.

"Ba ke kika aiko da shi daga kanti ba?"

"Wane abu, Umma?"

Umma ta dafe ƙirji. Ita kaɗai ta ɗaga mijinta daga ƙasa ranar, ita ta wanke shi, ta wanke kayan, ta shanya su a bayan gida inda ba mai gani. Ya riƙe hannunta yana kuka ya roƙe ta kar yaran su sani. Tsohon akawun kotu ne, mutumin da 'ya'yansa ba su taɓa ganinsa a falo ba riga ba. Da ta ga katan ɗin ta ɗauka Auta ce ta lura ta yi shiru irin na 'ya mai hankali, har ta yi ta sa mata albarka a zuci.

A hankali Umma ta dubi zoben da ke yatsanta, wanda Yallaɓai ya ba ta yake ƙirga mata tasbihi.

"Wannan ma yana ji?"

"Umma, ai duk a asusu ɗaya suke, don sauƙin..."

"Agogon nan da ka ba ni fa?" Gwaggo ta katse shi. Tuni ta fara kokawa da maɗaurin, ya kuwa shige cikin naman hannunta ya ƙi fita. "Kai, zo ka cire mini masifar nan. Ni da nake kwana da shi, ina faɗin abin da na ga dama a ɗakina."

Yaya bai motsa ba. Hannu ya kai ya zare tabaransa, ya juya shi yana kallon ɗan ɗigon gilashin da ke gefen firam ɗin kamar yau ya fara ganinsa. Shi da ke yi wa masu saye bayaninsa kullum.

"Yallaɓai," ya ce, "har ɗakin matata nake shiga da shi."

"Haba, kai ma ka san ba zan kalli wannan ba."

"Da me zai sani?" in ji Auta.

Wani gurnani ya fito daga wajen taga. Abba ne. Ya cusa hannun hagunsa cikin wuyan rigarsa yana jan singiletin, jijiyoyin wuyansa sun tashi, hawaye na bin gefen fuskarsa da ya karkace.

"Ci... re."

Umma ta ruga ta riƙe hannun. "Abbansu, yi haƙuri. In aka cire, zuciyarka ta motsa ba wanda zai sani."

"Cire." Ya ja numfashi, ya tattaro kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "In mutu... da... suturata."

Auta ta kama keken ta tura shi ɗaki, Umma na biye. Ta tsaya a bakin ƙofa ta juya baya har Umma ta gama, sannan ta karɓi singiletin, da ɗuminsa da komai. Ta karɓi zoben. Ta ɓalle munduwar, ta ga inda ta kwanta ya yi fari a fatarta. Ta zuba su a ledar shara ta dawo falo, ta miƙa wa Gwaggo almakashi ta datse maɗaurin agogon, shi ma ta jefa. Yaya da kansa ya saka tabaran, bai dubi kowa ba.

Ta ajiye ledar a kan cinyar Yallaɓai, a kan farin yadinsa mai tsada.

"Ga kunnuwanka. Tashi daga kujerar ubana."

Ya dubi Yaya yana jiran ya tsawatar. Yaya na kallon ƙasa. Ya dubi Gwaggo, ita kuwa tana murza hannunta tana watsa masa harara. Sai ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ledar ta zame ta faɗi. Bai ɗauka ba. A bakin ƙofa ya juyo, santsin muryar nan duk ya tafi.

"Cirewa ba ta goge abin da aka riga aka ajiye. Ki tuna da wannan."

"Na sani. Ka je ka yi ta saurare, tunda ba ka da mai yi maka hira."

Ƙarar motarsa ba ta gama ɓacewa ba wayar Umma ta fara ruri. Ta Gwaggo ta biyo baya. Ta Auta ma ta shiga kaɗawa a aljihu. Gwaggo ta duba tata, ta ɗago ta dubi Yaya.

"Matar kawunku ce. Wai me take ji haka game da Auta?"

Yaya ya share gumi. "Jiya na tura wa Kawu sautin, shi kaɗai. Don a yi shawara."

"Shi kaɗai," Auta ta maimaita. "Kawun da matarsa ke riƙe masa waya."

 Yadda ta kalli Yaya ya sa ya tashi ya fita tsakar gida.

Umma ta fito daga ɗaki ta jingina da bango, ta tsufa a yini ɗaya. Auta ta nufe ta za ta riƙe ta, Umma ta ɗaga mata hannu.

"Kar ki ɗauka don na rabu da wannan na karɓi wancan. Ta dalilinsa sunanki ke yawo a wayoyin mutane. Kurman nan ba zai tako mini gida ba."

*

Da safe Auta ba ta je kanti ba. Ta san abokan aikinta sun ji, don wadda suke canjin aiki da ita ta turo mata saƙo wai tana yi mata addu'a, ita da ko gaisuwar kirki ba sa yi.

A ƙofar makarantar kurame ta tarar da iyaye tsaitsaye, an yi gungu-gungu. Wata mai jan mayafi ta zunguri ta kusa da ita, suka bi ta da ido. Wani ya kara waya a kunne yana saurare yana girgiza kai, fuskarsa kuwa har sheƙi take don daɗin abin da ya samu. Auta ta ratsa ta tsakiyarsu ba ta sunkuyar da kai ba. Mutanen da 'ya'yansu ke magana da hannu, a gidajensu ma haka ake hira shiru, amma ba wanda ya tsaya ya yi tunani.

A barandar ofishin shugabar makaranta ta sami Malam, rungume da kwali. Littattafansa ne a ciki, da kofin shayinsa, da zanen da yara suka yi masa. Dogo ne siriri, rigarsa a goge kamar kullum, alli ya ɓata masa gefen hannu. Da ya gan ta sai ya ajiye kwalin a kan benci.

"An dakatar da ni," ya ce da baki. "Sai an yi bincike. An rubuta sunana da na makaranta a jikin sautin da ke yawo."

"Na ji."

"Kowa ya ji." Ya yi ɗan murmushi. "Shugaba ta ji, iyaye sun ji, mai gadi ma ya ji. Na kara a kunne, na ƙure abin jina, shuu kawai nake ji kamar ruwan sama. Ni kaɗai ne ban san laifin da na yi ba. Me ke ciki?"

Nan ne ƙarfin halin da ta taho da shi ya ƙare. Ta zauna a kan bencin ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Ya tsuguna a gabanta, bai taɓa ta ba, ya jira har ta buɗe ido. Ta ɗaga hannuwa ta ba shi amsa da yarensu.

Kukana ne a ciki. Lokacin da ka ce ka haƙura da ni.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya tambaye ta yadda aka yi, ta ba shi labarin munduwar, da singiletin, da zaman jiya, ta tsallake abin da ya shafi banɗaki. Yana kallon hannuwanta, muƙamuƙinsa na motsi.

"Na ce zan janye ne don kar sunanki ya ɓaci," ya ce. "Ga shi na janye, an ɓata. To na fasa."

"Ka fasa me?"

"Haƙurin. Ban iya ba dama, ƙarya nake."

Ta yi dariya cikin hawaye, ta kai masa duka da gefen mayafi. Wayarta ta yi ƙara. Yaya ne. Kamar ba za ta ɗauka ba, sai ta tuna Abba ba shi da komai a jikinsa yanzu da zai sanar da ita.

"Auta, ki zo gida." Ko sallama bai yi ba. "An saki sautin Abba. Na banɗakin. Yana kiran Umma yana kuka, duk an ji. Tsofaffin abokan aikinsa sai kira suke."

Ta miƙe tsaye ba ta sani ba.

"Abba ya sani?"

"Maƙwabcinmu ya shigo jaje, ya faɗa a gabansa. Tun ɗazu ya juya fuska bango, ko ruwa ya ƙi karɓa. Yallaɓai ya rantse ba shi ba ne. Wai lambar sirrin asusun tana hannun ma'aikatan shago, har da wanda ya kora kwanaki. Shi Yallaɓai ma nasa na ciki, yanzu haka yana can yana..."

"Kai ma kana da lambar?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Kana da ita, Yaya. Kullum tana aljihunka, ba ka taɓa buɗawa ka ga me ubangidanka ke tarawa a kan ubanka ba."

Ta kashe wayar. Malam na tsaye yana karanta fuskarta. Wannan karon ba ta ɓoye masa komai ba, ta faɗa masa da hannu. Ya runtse ido. Ya san abin da ake ji in jiki ya ci amanar mutum a gaban jama'a, ya kuma san irin kallon da ke biyo baya.

Ya ɗauki kwalinsa ya miƙa wa mai gadi ajiya, ya dawo yana kakkaɓe allin hannunsa.

"Mu je."

"Ina?"

"Gidanku. Yau Abba ba ya son mai yi masa jaje. Wanda zai zauna kusa da shi ya yi shiru yake so, ni kuwa na iya wannan."

"Umma ta rantse ba za ka taka mata gida ba. Za ta kore ka, Malam. Za ta faɗa maka maganganun da ba ka taɓa ji ba."

Ya kai hannu kunne, ya zare ɗan abin jin, ya sa a aljihun gaban rigarsa ya danne maɓalli.

"Ta faɗa," ya ce.

Ya wuce gaba ta tsakiyar iyayen nan da wayoyinsu, ta bi bayansa.